Ƙofa 912 kafin azumi: yadda aka gyara bayanan wani otal ɗin Makka a Revit

Yadda abin yake kafin a fara

Maktab ɗin, wato ofishinmu na zanen gini, ƙarami ne, a Jidda, mu tara ne har da mai shayi. Mutumin da zan ba da labarinsa haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa ya zauna, shi kuma Hausarsa irin ta nan ce, kalma uku sai ya saka "ya'ani". Shekararsa biyu yana aiki da Revit, manhajar zanen gini a kwamfuta, hannunsa na da sauri wajen zane, amma ɓangaren bayanai, wato abin da ke rubuce a bayan kowace ƙofa da kowane bango, bai taɓa zama a kai ba sosai. Teburina na kusa da nasa, shi ya sa na ga komai.

Aikin otal ne na alhazai a Makka. Hawa 12 na ɗakuna, kowane hawa ɗaki 28, ɗaki 336 ke nan. A ƙasa akwai gidan ƙasa biyu, da hawan shiga, da mezanin inda wurin cin abinci da masallaci suke. Ƙofofi gaba ɗaya 912: na ɗakuna 336, na banɗaki 336, na matakala 48 tunda matakala uku ce kowace ta ratsa hawa 16, sauran 192 kuma na sito ne da ɗakin lantarki da kicin da ofisoshi da sauran tarkace.

Wanda ya fara model ɗin, wato siffar ginin a cikin Revit, ya yi huruj niha'i, fita ta ƙarshe, ya koma ƙasarsu, bai bar wa kowa takarda ba. Abin da ya bari shi ne taip ɗin ƙofa, wato nau'in ƙofa, har 47, da yawansu abu ɗaya ne sai dai sunan ya ƙare da 2 ko 3, alamar an yi ta kwafa ana mantawa. Juriyar wuta kuma bai rubuta ta a gurbinta ba, a gurbin sharhi ya riƙa zubawa, wani wuri 60, wani wuri FD60, wani wuri da lambar Larabci, wurare da yawa babu komai. Hawan ɗakunan ya yi su gurup ne, wato ya zana hawa ɗaya ya ɗaure shi ya maimaita sau 12.

Ran Lahadi 9 ga Fabrairu 2025 istishari, wato injiniyan da ke sa ido a aikin, ya turo wasiƙa yana son abu uku a jadawalin ƙofofi kafin a kai takardu Difa'ul Madani, hukumar da ke kula da kashe gobara. Kowace ƙofa a rubuta minti nawa take jure wuta bisa ka'idar gini ta Saudiyya, wadda ɓangaren wuta a cikinta shi ne SBC 801, kuma ya ba da lissafinsa: na matakala 90, na ɗakunan da ke buɗewa korido 20, na ɗakin lantarki da kicin da ɗakin wanki 60, na banɗaki babu. Sai lambar ƙofa ta bi hawa da ɗaki, misali 05-12 ƙofar ɗaki na 12 a hawa na 5, ta banɗakinsa 05-12A. Na uku rukunin kayan ƙarfe, kuba da hinji da sakata da abin da ke mayar da ƙofa ta rufe kanta. Wa'adi Alhamis 27 ga wata, don mudir, shugaban ofis, ya ce ba ya son aikin ya shiga azumi, kuma azumi ya kama 1 ga Maris.

9 zuwa 10 ga Fabrairu: ɗaya bayan ɗaya

Ya fara yadda kowa ke farawa, ya buɗe filan ɗin hawa, ya danna ƙofa, ya je akwatin bayanai na gefe ya rubuta, ya koma ya danna ta gaba. Ranar farko ya yi wajen 70, ta biyu ma kusan haka. Ko da ba abin da ya katse shi kwana 13 ke nan daga cikin kwanakin aiki 15 da yake da su, kuma ba shi kaɗai ne aikin da ke gabansa ba.

A rana ta biyu ne ya gano wata ɓarna da ya yi wa kansa. A Revit bayanan abu kashi biyu ne, akwai na ita ƙofar da ka danna ita kaɗai, kamar lambarta, akwai kuma na taip, wanda duk ƙofar da ke wannan taip ɗin take ɗauka. Juriyar wuta ta ƙofa a ɓangaren taip take. To wanda ya tafi ya yi amfani da taip ɗaya na ƙofar ƙarfe a matakala da kuma sito da ɗakin lantarki. Mutumin namu ya danna ta matakala ya shiga taip ya rubuta 90, can an jima ya iso ɗakin lantarki ya ga 90 ya ce kai wannan ai 60 ce ya mayar, bai san ya mayar da matakala 48 gaba ɗaya zuwa 60 ba. Haka ya yi ta juya su kamar waina har sau uku kafin ya lura.

11 zuwa 12 ga Fabrairu: zaɓar su a dunƙule

Wani ya nuna masa cewa in ka danna ƙofa ɗaya ka buga SA a kibod, Revit zai zaɓo duk 'yan taip ɗin a aikin gaba ɗaya, sai ka rubuta abu sau ɗaya ya hau kansu duka. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce khalas yau zan gama. Ya zaɓi ƙofofin ɗakuna, ya rubuta rukunin kayan ƙarfe.

Abu biyu suka tare shi. Model ɗin na haɗaka ne, akwai fayil na tsakiya a saba, wato babbar kwamfutar ofis, kowa yana aiki a kwafinsa, kuma duk abin da mutum ya taɓa ya zama aro a hannunsa har sai ya yi sink, wato ya haɗa aikinsa da fayil na tsakiya, ya saki. Abokiyar aikinmu mai zanen silin ta taɓa wasu abubuwa a hawa biyu ta tafi ganin saiti a Makka ba ta saki ba, don haka Revit ya ƙi. Sai da aka kira ta a waya aka buɗe kwamfutarta aka yi sink.

Na biyun ya fi ciwo. Gurbin kayan ƙarfen wanda ya tafi ne ya ƙirƙire shi, kuma ya bar shi a yadda yake zuwa, wato darajarsa ɗaya ce a duk kwafin gurup, ba a canza ta sai an shiga cikin gurup ɗin. Saƙo ya fito cewa ba a yarda da canji a gurup daga waje ba, da maɓallin kwance gurup a gefe. Shi kuma a gajiye yake, ya danna kwance. Rubutun ya hau lafiya lau, amma hawan da ke ɗaure sun warware, kowane ya zama mai zaman kansa, ma'ana gobe in aka ce a matsar da bangon banɗaki sai an yi sau 12. Allah ya taimaka bai yi sink ba. Na leƙa na ga jerin gurup a gefe ya zama babu kowa a ciki na ce masa Malam tsaya, ya rufe fayil ba tare da ajiyewa ba, aikin rabin yini ya bi ruwa.

13 ga Fabrairu: hanyar Excel

Revit na iya fitar da jadawali zuwa fayil ɗin rubutu da Excel ke buɗewa, amma ba ya karɓar gyara ya dawo da shi da kansa, sai da ƙarin manhaja. Akwai na kuɗi akwai na kyauta, ya sauke wata ta kyauta. Yadda suke aiki shi ne kowace ƙofa tana fita da lambar shaidarta a layin farko, ka gyara sauran layukan, in ka dawo da fayil ɗin manhajar ta bi lambar shaida ta zuba. Wannan karon lambobin ƙofa kaɗai ya sa a gaba, don su ba ruwansu da ɗaurin gurup, kowace ƙofa da tata.

Ya buɗe sabon shafi ya jera lambobin, ya kwafo ya liƙa, ya dawo da su Revit, ba saƙon kuskure ko ɗaya. Ya yi sink, ya fitar da PDF na hawa guda uku ya tura wa mudir ya duba a ƙarshen mako, ya tafi Makka gida yana murna.

Asabar da safe mudir ya turo hoto a WhatsApp, an zagaye ƙofa da jan layi, a jikin tag ɗinta, wato alamar da ke nuna lambarta a zane, an rubuta 45789, a ƙasa ya rubuta "esh hada?", wato mene ne wannan. Abin da ya faru, da ya rubuta 05-12 a gurbin da ba a mayar da shi na rubutu zalla ba, Excel ya ɗauka kwanan wata ne, 12 ga Mayu, shi kuma a cikinsa kwanan wata lamba ce da yake ƙirgawa tun daga farkon 1900, 12 ga Mayun 2025 ita ce 45789. Ka duba ikon Allah, hawa 12 kamar watanni 12, ɗaki 28 kamar kwanakin Fabrairu, babu lamba ɗaya cikin 336 da ba ta zama kwanan wata halastacce ba. Na banɗaki masu A a ƙarshe su ne suka tsira. Mun yi dariya daga baya, amma a ranar ba wanda ya yi.

16 ga Fabrairu: zama da takarda

Akwai wani dattijon injiniya a maktab ɗin, Bahaushen Sudan ne daga Maiwurno, ya daɗe a Jidda, ba ya zane yanzu sai duba aiki. Lahadi da safe mutumin namu ya same shi da shayi ya ce, "Kawu, na rasa yadda zan yi da ƙofofin nan, duk inda na taɓa sai wani wuri ya ɓalle."

Kawu bai ko kalli kwamfutar ba, ya jawo farar takarda ya ce, "Ɗana, ƙofa iri nawa kafinta zai ƙera a ginin nan? Ba nawa ke cikin na'ura ba, nawa za a yi oda?"

Suka zauna suna lissafi da faɗi da tsayi da abin da aka yi ta da shi da minti nawa take jure wuta. Ta ɗaki, ta ɗakin masu keken guragu mai faɗi, ta banɗaki iri biyu, ta matakala, ta lantarki, ta sito, ta kicin mai ganye biyu, haka har suka tsaya a 11. Sai Kawu ya raba buƙatun istishari uku ya tambaye shi kowanne da me yake canzawa. Juriyar wuta tana bin irin ƙofar, to gidanta taip. Kayan ƙarfe suna bin inda ƙofar take a hawa, kuma hawa 12 ɗin iri ɗaya ne, to gidansu cikin gurup. Lamba ce kaɗai kowace ƙofa take da tata daban, ita ce kaɗai ke buƙatar a rubuta abu 912.

Ranar ba a taɓa model ba sai abu ɗaya, aka cire kwafi wanda aka raba shi da fayil na tsakiya, aka ce duk gwaji a nan za a fara yi.

17 zuwa 18 ga Fabrairu: taip da gurup

Ya yi sabon jadawalin ƙofofi, ya jera shi bisa taip, ya sa layin ƙirga, sannan ya cire alamar da ke sa kowace ƙofa ta fito a layinta. Da ka cire wannan alamar layuka 912 sai su naɗe su koma 47, kowane da adadinsa a gefe. A nan ya ga taip 14 ƙofa ɗai-ɗai ce ko biyu a cikinsu. Wannan naɗaɗɗen jadawalin shi ne abin da ya fi yi masa amfani a duk aikin, don duk abin da ka rubuta a layi ɗaya yana hawa kan duk ƙofofin da ke ƙarƙashinsa, in kuma bayanin taip ne Revit zai tambaye ka tukuna ko ka yarda ya shafi duka.

Ya gyara taip 11 masu tsabta da suna mai ma'ana, ƙofar ƙarfen nan da ta wahalar da shi ya raba ta uku, matakala daban, lantarki daban, sito daban, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Na wajen gurup ya riƙa zaɓa da SA yana sauya musu taip, inda taip ɗaya ya haɗa wurare daban-daban kuma sai ya zaɓa daga jadawali bisa sunan ɗaki. Na cikin gurup ya shiga gurup ɗin a hawa na 1, ya sauya, ya fito, sauran hawa 11 suka bi da kansu. A wannan shigar ya rubuta rukunin kayan ƙarfe ma, ya ja akwati ya zaɓi komai, ya tace ya bar ƙofofi kawai. Gurup ɗin da ya so ya kwance ran 12 ga wata shi ne ya yi masa aikin hawa 11 kyauta.

An samu tangarɗa ɗaya. Ƙofofi huɗu a mezanin faɗinsu santimita 100 ne, sabon taip ɗin 90, da aka sauya sai ramin bango ya tsuke, kuma ɗaya hanyar fita ce daga masallaci. Kawu ne ya kama da ya sa aka kwatanta layin faɗi na tsohon jadawali da sabo. Aka ƙara taip, suka zama 12. Daga nan aka share taip ɗin da ba kowa a cikinsu, aka rubuta juriyar wuta a gurbi 12, bai kai minti goma ba.

19 zuwa 20 ga Fabrairu: lambobi

Da Excel ɗin ma zai yi in an mayar da layin na rubutu kafin a liƙa, amma mutumin namu ya tsorata da shi, kuma ko an gyara sai mutum ya bi ƙofa-ƙofa ya san wace ce ta wane ɗaki. Sai aka koma Dynamo, manhajar da ke sa Revit ya yi aiki da kansa, wanda ke zuwa tare da Revit tun sigar 2017, inda kake jona akwatuna da zare maimakon rubuta kod. Wani yaro ɗan Misra mai aikin bututu ya taya shi haɗawa. Tsarin gajere ne: kwaso duk ƙofofi, tambayi kowace ɗakin da take fitowa da wanda take shiga, ɗauko lambar ɗakin, rubuta a gurbin lamba. Suka sa shi a kan sai an danna yake gudu, don in yana kan gudu da kansa duk zaren da ka jona nan take zai rubuta a model, kuma ba su jona akwatin rubutawa ba sai da suka ga jerin sakamakon da ido.

Gwajin farko a kwafin gwaji bai yi kyau ba. Sun dogara da ɗakin da ƙofa take shiga kawai, ashe wanda ya tafi wasu ƙofofin ya dasa su ta korido wasu ta cikin ɗaki, don haka kusan kashi ɗaya cikin uku suka ɗauko lambar korido. Suka canza dokar: duba ɓangarorin biyu, in ɗaya ɗakin kwana ne ɗauki lambarsa, in ɗayan ɓangaren banɗaki ne ƙara A. Na sauran wurare kuma a ɗauki wanda ba korido ba. Ƙofa 31 suka dawo babu komai saboda ba a sa ɗaki a wurin ba ko bangon bai rufe ba, yawanci a gidan ƙasa. Takwas aka gyara ɗakunansu, 23 ya rubuta da hannu.

Alhamis bayan la'asar aka ce kowa ya yi sink ya saki duk abin da ke hannunsa ya fita daga model. Aka ajiye kwafin fayil na tsakiya a gefe, aka maimaita matakan duka a kan na gaske bisa takardar da ya rubuta lokacin gwaji. Kafin isha an gama, shi Dynamo ɗin kansa bai yi minti biyu yana gudu ba.

23 zuwa 25 ga Fabrairu: dubawa da miƙawa

Dubawar ta fi gyaran cin lokaci. Ya sa matatar kala a filan, 90 ja, 60 ruwan lemo, 20 shuɗi, marasa komai toka, aka buga kowane hawa Kawu ya bi da biro. A nan aka ga ƙofa shida na kicin da ɗakin wanki sun fito toka alhali wasiƙar istishari ta sa su a masu 60. Ya yi wani jadawalin da ke nuna ƙofofin da gurbinsu ke fanko kawai, ya yi ta cikewa har jadawalin ya zama babu layi. Ya kuma duba jerin gargaɗin Revit don lambobin da suka maimaitu, aka samu tara, duk inda ɗaki ɗaya ke da ƙofa biyu, aka ƙara musu B. Talata 25 ga wata aka miƙa, saura kwana biyu wa'adi.

Cikin azumi

A mako na biyu na Ramadan, lokacin dawam, wato awannin aiki, ya koma awa 6, kamfanin da zai gudanar da otal ɗin ya ce shi ƙofar ɗaki minti 30 yake so ba 20 ba. Gurbi biyu aka canza, na ƙofar ɗaki da na ɗakin masu keken guragu, ƙofa 336 suka bi, jadawali da tag duk suka sauya. Fitar da PDF ne ya ɗauki lokaci.

Amma akwai inda aka yi asara. Mai lissafin kaya na muƙawil, wato ɗan kwangila, ya riga ya yi farashi da tsofaffin sunayen taip 47, ba wanda ya tuna ya gaya masa an rushe su. Da sabon jadawali ya je hannunsa ya kira yana faɗa, ya ce ƙofofinsa sun ɓace. Kwana biyu mutumin namu ya yi da azumi a bakinsa yana haɗa teburin tsohon suna da sabon suna daga kwafin da aka ajiye.

Abin da na gani a ciki

A ganina kwana biyar na farko ba rashin kayan aiki ne ya cinye su ba. SA da Excel da ya gwada duk hanyoyi ne na gaske da mutane ke amfani da su kullum, kuma SA ɗin da jadawali su ne dai suka yi yawancin aikin a mako na biyu. Bambancin shi ne a makon farko yana ƙoƙarin rubuta abu uku a kan ƙofa 912 ne, a na biyu kuma an riga an san juriyar wuta gurbi 12 ce, kayan ƙarfe hawa ɗaya ne da 'yan saura, lamba ce kaɗai ta kowa da kowa. Dynamo da ake ta yi wa kallon shi ne gwanin, abu ɗaya tak ya yi cikin ukun, kuma da an bar shi da dokar farko da ya zuba lambar korido a kan ƙofa wajen 300 cikin minti biyun nan.

Laifinsa na gaske guda biyu ne, danna kwance gurup ba tare da karanta saƙon ba, da yin sink ran 13 ga wata bai buɗe filan ko ɗaya ya kalli tag ba. Laifin mu sauran kuma, da ni a ciki, shi ne zancen muƙawil, don ina zaune aka rushe taip 47 ban ce a sanar da kowa ba. Gurbin sharhi har yanzu yana nan da tsofaffin FD60 ɗin wanda ya tafi, wasu ma sun saɓa da abin da ke taip yanzu, an cire layin daga jadawalin da ake bugawa amma ba a goge ba, Kawu ya ce a bari sai an karɓi amincewar Difa'ul Madani tukuna.